Idan Sabuwar Mota Mai Ƙarfi Ta Riƙa Ja Gefe

Babu abin da ya fi sosa zuciyar mai sabuwar mota, musamman irin waɗannan da aka ƙera domin gudu, masu injin da ƙarfinsa ya kai doki 300 ko ya zarce, kamar ya fito da ita daga wurin dillali tana sheƙi, ya hau miƙaƙƙiyar kwalta, ya ɗan sassauta riƙon sitiyari, sai ya ga tana karkata gefe guda kamar dokin da aka ja wa linzami ta ɓangare ɗaya. A irin wannan hali mutane kan yi gaggawar yanke hukunci, wannan ya ce alayimen ne, wancan ya ce aksul ce ta zo da aibi tun daga masana'anta, wani kuma ya ce ai haka motocin gudu suke, sai haƙuri. Alhali kuwa jan gefe alama ce kawai, kuma alama ɗaya tana iya samun sabubba masu yawa, waɗansu ana gyara su da gejin iska cikin daƙiƙu kaɗan, waɗansu sai an sauke ƙarfe. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya yi halin alƙali adali, wanda ba ya hukunci sai ya saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya fara da abin da ya fi sauƙi da araha, kuma kada ya sauya abu biyu a lokaci guda, domin idan ya yi haka, ko da motar ta warke, ba zai san wanne ne maganin ba.

Tambaya ta farko, wadda rabin mas'alar ke cikin amsarta, ita ce: yaushe take ja? Kafin a amsa ta sai a nemi hanyar gwaji ta gari, domin hanya ita ma tana iya yin shaidar zur. Masu aikin hanya sukan ɗaga tsakiyar kwalta su gangarar da gefunanta da kimanin kashi 2 cikin 100 don ruwan sama ya tsiyaye, don haka a ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, kamar Nijar, da Najeriya tun 1972, kowace mota lafiyayya tana da ɗan marmarin zamewa dama a hankali. Wannan ba aibi ba ne. Sai a zaɓi hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso, a ranar da babu iska mai ƙarfi, a kashe na'urar nan da ke riƙe mota a cikin layinta in akwai ta, sa'an nan a bi hanyar zuwa da dawowa da gudun kilomita 60 zuwa 80 a sa'a. Idan motar ta nufi dama a layin da ya gangara dama, ta kuma nufi hagu a layin da ya gangara hagu, to, hanya take bi. Idan kuwa ta nace wa gefe ɗaya ko ta ina aka bi, to, lalle akwai magana.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa uku da baki kan haɗa su wuri guda. Akwai ja na haƙiƙa, inda sai direba ya riƙa danne sitiyari da ƙarfi kafin mota ta miƙe. Akwai karkataccen sitiyari, inda mota na tafiya sak amma tambarin da ke tsakiyar sitiyarin ya kwanta gefe. Akwai kuma bin kwari, wato halin faffaɗan tayoyi masu siririn gefe, waɗanda ke bin duk wani rami ko layin da manyan motoci suka ƙwaƙule a kwalta, yanzu dama, an jima hagu. Na ukun nan ɗabi'ar taya ce, kuma duk wanda ya baro mota mai ƙananan tayoyi ya shiga mai inci 19 ko 20 zai ji shi. Bayan an tabbatar ja ne na haƙiƙa, sai a gwada shi a hali huɗu, a kuma rubuta sakamakon kowane: da gudu madaidaici, da ɗage ƙafa daga totur, da taka totur sosai, da taka birki. Jan da ba ya sauyawa a dukkan halaye galibi na taya ne ko na saitin ƙafafu. Wanda ke zuwa da birki kaɗai na birki ne. Wanda ke bayyana da totur ya ɓace da ɗage ƙafa, shi ne ke kai mu ga shaf da difarenshal.

To, a fara da iska, ko da kuwa mai mota zai ga kamar an raina masa hankali. Dalili shi ne, masana'antu sukan cika tayoyin sababbin motoci da iska fiye da ƙima kafin a loda su a jirgin ruwa, don kada tayar ta yi shafi saboda daɗewa a tsaye wuri ɗaya, kuma haƙƙin dillali ne ya rage ta kafin ya miƙa makulli. Amma ɗan Adam ajizi ne, a kan rage uku a mance ɗaya. A auna da sassafe tun taya na da sanyi, da geji guda ɗaya ga dukkan huɗun, a daidaita su da adadin da aka rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ba wanda ke jikin tayar ba, domin na jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Mota kan ja zuwa gefen da iskarsa ta yi ƙasa. Tun da an durƙusa, sai a haska fitila cikin sifirin na gaba da na baya, saboda motocin da suka yi ƙasa ƙwarai a kan cusa musu guntayen roba ko filastik masu launi a sifirin ko a sandar shokazoba don kada cikinsu ya bugi ƙasa wajen lodi da saukewa. In aka mance da su, ko aka cire na gefe ɗaya aka bar ɗayan, motar za ta yi tauri kamar amalanke, ta kuma tsaya a karkace.

Idan iska ta daidaita ja bai tafi ba, sai a zo ga gwajin da ni a ganina ya fi kowane amfani a wannan babi, ga shi kuma ba ya cin kuɗi sai ladan mai faci. Taya, ko da sabuwa ce fil daga leda, tana iya fitowa da wayoyin cikinta sun ɗan goce daga tsakiya, har ta zama gefenta ɗaya ya fi ɗayan tauri; idan nauyin mota ya hau ta, sai ta yi kamar mazurari da aka gangarar a ƙasa, wanda ba ya tafiya miƙe har abada, sai dai ya kewaya wajen siririn bakinsa. Ido ba ya ganin wannan illa, injin alayimen ma ba ya ganinta. Hanyar kama ta ita ce a musanya tayoyin gaba biyu, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, a sake bin waccan hanya da wancan gudu. In jan ya juya zuwa ɗaya gefen, hujja ta tabbata a kan taya, ba sauran shubuha. In ya ɓace, nan ma taya ce. In kuwa bai ko motsa ba, an wanke tayoyin gaba, sai a yi wa na baya haka. Sharaɗi guda ne: tayoyin da ke da kibiya a gefe, masu juyawa ta fuska ɗaya, ana musanya su ne don gwaji na ɗan lokaci a busasshiyar hanya, a mayar da su mazauninsu da zarar an gama, kuma motar da tayoyin bayanta suka fi na gaba faɗi ba a kai na gaba baya.

Birki ba ya buƙatar dogon bayani. A yi tafiyar kilomita kaɗan ba tare da yawan taka shi ba, a tsaya a hankali, a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa ba tare da taɓa faifan ba, ko a auna da ma'aunin zafi mai haske. Ƙafar da ta fi 'yan'uwanta zafi nesa ba kusa ba, birkinta na kamawa, kuma motar za ta ja wajenta.

Sai bayan wannan duka ne ake zuwa wurin alayimen, kuma kada a yarda da faɗin baki cewa komai ya yi kore a allo. A nemi takardar da injin ya buga, ta kafin gyara da ta bayansa, a karanta da ido. Kusurwoyi uku ne a ciki. Kamba ita ce jirkicewar taya ciki ko waje idan an dube ta daga gaba, kuma mota kan ja zuwa gefen da saman tayarsa ya fi jirkicewa waje. Kasta ita ce kishingiɗar sandar da taya ke juyawa a kanta idan an duba daga gefe, mota kuwa kan ja zuwa gefen da kastarsa ta gaza. Saitin da ake kira "to" kuma shi ne yadda hancin tayoyin ke kallon juna ko ke bauɗe wa juna, kuma na gaba ba ya jawo ja a galibi, sai dai ya karkatar da sitiyari ya cinye taya. Amma na baya idan ya goce, sai motar ta riƙa tafiya a kaikaice irin ta kaguwa. Abin lura a nan, wanda da yawa ke tsallakewa, shi ne kowace ƙafa tana iya zama cikin haddin da masana'anta ta yarda, amma ɗaya tana wannan iyaka, ɗayar tana waccan, har bambancin da ke tsakaninsu ya kai rabin digiri ko fiye, wanda ya isa ya sa hannu ya ji ja. Bambancin dama da hagu shi ne abin nema. Kada kuma a ce sabuwar mota ba ta goce saiti, domin an ɗaure ta da sarƙa ko igiya a jirgi da tirela, an hau da ita gangara an sauko. Bayan an taɓa saiti, tilas a sa kwamfuta a sake koya wa na'urar auna kusurwar sitiyari inda tsakiya take, domin sitiyarin zamani na lantarki ne, kuma a waɗansu motoci yakan koyi ɗan turawa gefe don rama gangarar hanya, in ba a goge abin da ya koya ba sai ya ci gaba da rama abin da babu shi.

Yanzu mu koma ga jan da ke zuwa da totur. A motar da ke jan gaba, tayoyin da ke tuƙa ta su ne kuma ke juya ta, kuma da yake injin na kwance ne a gicciye, giya tana gefe guda, sai shaf ɗaya ya fi ɗayan tsawo, kusurwar da suke aiki a kai ta bambanta. Idan aka zuba musu ƙarfi mai yawa farat ɗaya, sai sitiyari ya fizge a hannu. Injiniyoyi sun daɗe suna fama da wannan. Ford Focus RS ta 2002, mai doki 212 da difarenshal na kamfanin Quaife na Ingila, ta yi suna ƙwarai da wannan fizga a kan hanya marar kyau, har ya zama lokacin da kamfanin ya fitar da magajiyarta a 2009, mai doki kusan 300, sai da ya sake fasalin ƙafar gaba da tsarin da ya kira RevoKnuckle, wanda ke matso da sandar juyawa kusa da tsakiyar taya. Renault ta yi makamancin haka a Mégane RS, Honda ma a Civic Type R. Duk da haka an rage abin ne, ba a kashe shi ba. Alamar ɗabi'a ita ce fizgar ta zo a giya ta ɗaya da ta biyu, ta bi yanayin kwalta, wani lokaci dama wani lokaci hagu, ta kuma lafa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Alamar aibi ita ce ta nace wa gefe guda ko da totur kaɗan ne, a kowace giya. A nan sai a duba robar da injin ke zaune a kai, da bushin na hannun ƙafa, da tsayin motar a dama da hagu.

Amma difarenshal, wanda makanikai kan haɗa shi da mazauninsa su ce aksul, aikinsa shi ne ya raba ƙarfi ga tayoyi biyu tare da barin ta waje ta fi ta ciki sauri a kwana, tun da tafiyarta ta fi nisa. Na gama-gari yana da rauni ɗaya, wato idan taya guda ta samu santsi sai ƙarfin ya tsiyaye ta nan. Don haka motocin gudu ke zuwa da mai iyakance zamiya, kuma iri-iri ne: akwai mai fayafayan kuloci a ciki, akwai mai murɗaɗɗun haƙora, kamar Quaife da Torsen wanda Ba'amurken nan Vernon Gleasman ya ƙirƙiro, akwai kuma wanda kwamfuta ke matse kulocinsa, kamar na motocin BMW M. Sanin wanda ke cikin motarka farilla ne kafin ka tuhume shi, domin abin da yake aibi ga wani, ɗabi'a ne ga wani. Idan aka ɗaga tayoyin biyu sama, giya na firi, aka juya ɗaya da hannu, a na gama-gari ɗayar kan juya baya, a mai kuloci kan juya tare da ita. Mai murɗaɗɗun haƙora kuwa yakan yi kamar na gama-gari idan babu nauyi a kansa, kuma mutane da yawa sun zaci nasu ya mutu saboda wannan. Ina roƙon mai karatu da girman Allah kada ya ta da injin ya sa giya alhali taya ɗaya ce a sama, domin difarenshal mai iyakance zamiya zai iya tura ƙarfi ga wadda ke ƙasa, motar ta diro daga jak a kan wanda ke ƙarƙashinta.

Mai iyakance zamiya yana da kishi game da girman taya fiye da yadda ake zato. Da yake yana ƙoƙarin ɗaure tayoyin biyu su juya tare, idan ɗaya ta fi ɗaya kewaye, babbar za ta ci ƙasa fiye da ƙaramar a kowane juyi, sai motar ta karkata wajen ƙaramar idan an taka totur, ta koma ɗaya gefen idan an ɗage ƙafa. Wannan lilo na dama da hagu, a motar da ke tura baya, kusan kullum daga tayoyin baya yake, ko daga bushin da ya saki, ba daga haƙoran aksul ba. Lissafin mai sauƙi ne: bambancin milimita 1 a zurfin zanen taya yana ba da kimanin milimita 6 a kewaye. Saboda haka wanda ƙusa ta lalata masa taya guda, ya sa sabuwa kusa da wadda ta ci hanya, ko ya sa wadda lambarta ɗaya amma kamfaninta daban, ya riga ya shuka abin da zai girba. A sa alli a yi alama a ƙasan kowace taya da kan siminti, a tura motar miƙe har juyi 10, a ga ko alamomin sun sauka tare. A mota mai jan ƙafa huɗu abin ya fi tsanani, domin bambancin yakan sa na'urar tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta yi ta aiki ba hutu har ta yi zafi.

Saura sauti, wanda shi ne harshen da aksul ke magana da shi. Da farko a tabbatar kukan na bin gudun mota ne ba na injin ba: a riƙe gudu ɗaya, a sauya giya, in muryar ba ta sauya ba, daga bayan giya take. Siririn kuka mai kama da busa, wanda ke zuwa da taka totur ya yi shiru da ɗage ƙafa, yana nuni ga yadda haƙoran babban faifai da na ƙaramin da ke cikin aksul suka haɗu. Wanda ke zuwa da ɗage ƙafa kuwa galibi boris ɗin ƙaramin haƙorin ne ya saki. Gurnanin da ke ƙaruwa ko raguwa idan ana kaɗa motar a hankali dama da hagu na boris ɗin ƙafa ne, yana tsananta idan nauyi ya koma kansa. Ƙas-ƙas a cikakkiyar kwana tare da totur na gaɓar shaf ta waje ne. Ƙwal guda ɗaya lokacin taka totur da sakinsa wasa ne a haƙora, ko a farfela, ko a robar da ke riƙe aksul. Ɗan kuka kaɗan a wani gudu na musamman ba baƙo ba ne a motocin da aka ɗaure aksul ɗinsu da tauri a jikin bodi. Abin tsoro shi ne kukan da ke girma mako bayan mako.

Sai a nemi fili, a buɗe gilashi, a juya sitiyari har ƙarshe, a riƙa zana lamba 8 da tafiyar ƙafa. Mai kuloci yakan yi gurnani ko ɗan karkarwa daga baya a nan, domin fayafayan na kamawa suna saki. Kaɗan daga wannan, musamman da safe, halinsa ne, amma in ya yi yawa, galibi man ne ya rasa sinadarin nan mai sassauta gogayya da ake ƙarawa, ko an zuba wanda ba nasa ba. A kula kada a ɗora wa aksul laifin tayoyin gaba, waɗanda in faffaɗa ne kuma da sanyi sukan yi tsalle-tsalle a cikakkiyar kwana. Wancan a sitiyari ake jinsa, na aksul kuwa a kujera. Man da ake zubawa sai wanda littafin motar ya ambata, sau da yawa mai daraja GL-5 kamar 75W-90 ko 75W-140, kuma bayan an sauya shi a kan zana lamba 8 kamar sau goma don ya ratsa fayafayan. Sababbin haƙora suna goge juna a farkon rayuwarsu, shi ya sa BMW ta sharɗanta wa motocinta na M hidimar farko a kilomita 2,000. Idan an kwance murfin tsiyaya, a dubi maganaɗisun da ke kansa in yana da shi: laushin toka mai kama da kwalli al'ada ce, amma ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, ko mai da ke warin ƙuna, shaida ce da ba ta buƙatar rantsuwa.

A wannan gaɓa, tun da motar na cikin garanti, mai ita ya dakata, kada ya bari kowa ya buɗe aksul ko ya zuba wani sinadari a wajen garejin dillali, domin hakan na iya ba su hujjar janye alkawari. Ya tafi da takardarsa: ranar da abin ya fara, kilomita nawa, a wane gudu, a wace giya, da sanyi ko da zafi, adadin iska, sakamakon musanyar taya, da takardar alayimen. Ya nemi babban makanikin ya shiga tare da shi, shi ya tuƙa har abin ya bayyana, kuma a rubuta ƙorafin a takardar aiki da kalmominsa, a ba shi kofe mai kwanan wata ko da ba a gyara komai ba ranar. Idan aka ce masa haka dukkansu suke, sai ya amsa cikin ladabi cewa ya yarda a gwada, a fito da wata irinta mai irin tayoyinta, a auna iskar duka biyun a gabansa, a bi hanya ɗaya da gudu ɗaya, shi da makanikin suna ciki.